Tseren motoci na 'yan sha'awa: ire-iren gasar da kulob-kulob ke shiryawa a Faransa

Da an ambaci tseren motoci, abin da ke zo wa mutanen Nijar a rai shi ne Paris-Dakar, wanda tun zagayensa na farko, da ya tashi daga Paris a watan Disamban 1978, ya ratsa ta Agadez da Yamai. Yawancin waɗanda suka shiga a lokacin 'yan sha'awa ne masu kashe kuɗin aljihunsu. Har yau irinsu ne suka fi yawa a wannan wasa a Faransa, kuma ƙananan kulob-kulob ne ke shirya musu gasa.

Ana kiran waɗannan kulob ASA a taƙaice, suna kuma ƙarƙashin hukumar tseren motoci ta ƙasar, FFSA, wadda aka kafa a 1952. Ta hannunsu direba yake karɓar lasisin gasa, su ne kuma ke neman izinin rufe hanya, su tanadi alƙalai da likita da motar asibiti.

Gasa mafi sauƙin shiga ita ce « slalom ». Ana jera robobi a kan fili mai kwalta, mota ɗaya ta shiga tana kewaya su, agogo na ƙirga mata lokaci. Wanda ya ture roba sai a ƙara masa daƙiƙu. Tun da kwana ta yi yawa, mota ba ta samun damar yin gudu sosai, don haka iya sarrafa sitiyari da birki ne ke raba gardama. A nan ne sababbin direbobi da dama suke fara koyo.

Sai gasar hawan tudu, « course de côte ». Ana rufe hanya mai hawa da lanƙwasa, motoci su tashi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kai ƙoli cikin lokaci mafi ƙanƙanta shi ya ci. Tsohuwar gasa ce, domin tun 1902 aka fara yin ta a dutsen Ventoux da ke kudancin ƙasar.

A gasar « rallye » kuwa mutum biyu ne a mota. Na zaune a gefe yana riƙe da takarda, yana sanar da direba kowace kwana kafin su iso ta. Ana auna gudu ne a yankunan hanya da aka rufe kaɗai. Tsakanin wani yanki da wani, motocin na bin hanyar kowa da kowa, dole kuma su kiyaye dokar hanya. Motar wannan gasa sai an ɗaura mata ƙarafan kariya a ciki, abin da ke sa kuɗin shiri ya haura.

Akwai wata 'yar uwarta da gudu ba ya amfani a cikinta, wato « régularité ». Ana yanka wa mota matsakaicin gudu, wanda a hanyar da ba a rufe ba bai wuce kilomita 50 a awa ɗaya ba. Wanda ya iso da wuri da wanda ya makara duk ana ci musu tara ta maki. Masu tsofaffin motoci ne suka fi son ta.

Masu son gwabzawa kafaɗa da kafaɗa suna da « autocross », inda motoci da yawa ke tashi tare a zagayayyen filin ƙasa, cikin ƙura ko taɓo. Yara kuma suna farawa da « karting », ƙananan motoci marasa rufi da yawancin manyan direbobin Formula 1 suka koyi tsere da su.

Abin da ya haɗa dukan waɗannan gasa shi ne tsari. Kafin mota ta shiga fili sai an duba lafiyarta da kayan kariyar direba, 'yan kallo kuma an keɓe musu wurin tsayawa. Akasarin masu wannan hidima 'yan sa-kai ne da ke tsayawa bakin hanya da tutoci tun safe har yamma, kuma idan ba su cika adadin da ake buƙata ba, ba a ba motar farko izinin tashi.