Ciwon ɓarin kai: Ko ƙwaƙwalwarka ce ke kukan yunwa?

Mai fama da ciwon ɓarin kai ya san ba irin ciwon kan da za a haɗiyi Panadol a ci gaba da latsa waya ba ne. Gefe guda na kai ya riƙa sara, ga tashin zuciya, hasken waya ma ya zama abokin gaba. Yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Kimanin mutum biliyan ɗaya ke fama da shi a duniya, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku.

Masana sun daɗe suna duba alaƙarsa da yadda jiki ke mayar da abinci kuzari. Ƙwaƙwalwa nauyinta kusan kashi 2 ne cikin 100 na jiki, amma tana cinye kimanin kashi 20 na kuzarin, kuma ba ta da rumbun kirki da take ajiya. To ka tsallake karin kumallo, ka kwana a TikTok har asuba, ka wuni ba ka sha ruwa ba, me kake tsammani? Shi ya sa wasu ke shan wuya a kwanakin farko na azumi, musamman idan sahur ya wuce su.

Ana kuma zargin mitokondiriya, wato 'yan injinan da ke samar da kuzari a cikin ƙwayoyin halitta. A 1998 wani bincike da Jean Schoenen ya jagoranta a Beljiyam ya nuna cewa miligiram 400 na bitamin B2 a kullum, tsawon wata uku, ya rage wa wasu yawan tashin ciwon. Wannan ba izinin garzayawa kemis ba ne fa. Likita ke faɗin abin da ya dace da kai. Ƙiba mai yawa ma an ga tana tafiya da ciwon da ke yawan dawowa.

Masu ɗora wa cakulan laifi, ku dakata. Sau da yawa ciwon ya riga ya fara a ɓoye, shi ke jawo kwaɗayin zaƙi, sai a ce abin da aka ci ne.

Ka riƙa rubuta wa kanka a waya: yaushe ka ci abinci, awa nawa ka yi barci, yaushe ciwon ya taso. 'Yan mata su haɗa da kwanakin al'ada. Idan kuwa kana shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, maganin kansa na iya zama mai jawo ciwon, sai ka kai wa likita wannan rubutun.