Labari da Jimiri a Sana'ar Marubutan Adabin Kasuwar Kano

Masu nazarin ƙagaggun labaran Hausa sun fi duban littattafan da suka ɓulla a Kano daga tsakiyar shekarun 1980 ta fuskar jigo, wato soyayya da auren dole da kishi. A wannan maƙala za a dubi al'amarin ta wata fuskar, a nuna yadda ƙarancin jari ya shiga cikin ƙirar labarin kansa, har dabarar ba da labari da dabarar ciniki suka zama abu guda a hannun marubutan.

Marubutan farko ba su ɗanɗana wahalar kasuwa sosai ba. Ruwan Bagaja da Ganɗoki sun fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Hukuma ce ta buga su, makarantu kuma suka saya. Haka aka ci gaba a zamanin NORLA da na kamfanin NNPC na Zariya, har zuwa fitowar So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare, musamman bayan shirin SAP na 1986, sai darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka fi karkata ga littattafan makaranta. A daidai lokacin ne kuwa masu iya karatun boko suka yawaita, albarkacin shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci. Ga masu karatu, ga masu labari, amma babu mai bugawa.

Sai marubuci ya zama shi ne mai jari, shi ne mai zirga-zirga zuwa maɗaba'a, shi ne kuma mai kai kaya ga 'yan kasuwa. Tun da kuɗinsa ba za su isa buga dogon littafi gaba ɗaya ba, sai ya yanka labarin kashi biyu ko uku ko fiye, ya buga na ɗaya, ya jira cinikinsa ya biya kuɗin na biyu. A nan ne muhimmin abu yake. Idan kashi na ɗaya ya ƙare mai karatu hankalinsa kwance, to, jari ya karye. Dole ne a tsinke zaren labari a wurin da rai ya fi ɗaukuwa: ana jajiberin ɗaurin aure, ko an buɗe wasiƙa ba a karanta ba. Wannan ba baƙuwar dabara ba ce ga Bahaushe, domin mai tallar magani a kasuwa ma yakan tara jama'a da labari, ya ƙi ƙarasawa sai ya sayar da hajarsa. Masu sukar da ke cewa littattafan suna da jan magana da yawan hira ba su yi ƙarya ba, sai dai ba kasafai suke tambayar me ya haifar da hakan ba.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, shi ne fitaccen misali. Marubucin da kansa ya buga shi, ya kuma haɗa kai da takwarorinsa a ƙungiyar Raina Kama, inda littafin wani kan yi tallar na wani. Da kasuwar bidiyo ta buɗe, sai aka mayar da labarin fim a 1994. Haja ɗaya ke nan aka sayar sau biyu.

Al'amarin Balaraba Ramat Yakubu ya fi wannan zurfi. An cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, daga baya ta nemi ilimi a ajin manya, ta fara da Budurwar Zuciya a 1987. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, Rabi, wadda mijinta ya kora tare da 'ya'yanta, da sayar da abinci ta riƙe gidanta. Wato jimirin da marubuciyar ta yi a sana'arta shi ne kuma abin da ta sayar wa mata masu karatu, waɗanda suka ga rayuwarsu a ciki. A 2012 kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar littafin da Ingilishi.

Sunan "Adabin Kasuwar Kano" ma, wanda Ibrahim Malumfashi ya yayata a shekarun 1990 bisa kwatanci da adabin kasuwar Onitsha, da farko suka ne, ba yabo ba. Amma sunan ya faɗi gaskiyar da ta wuce nufinsa: kasuwa ce ta raya wannan adabi lokacin da hukuma ta janye hannu. Matsi bai tsaya ga baki ba, domin a 2007 gwamnatin Jihar Kano ta ƙone wasu littattafan a bainar jama'a, daga baya kuma hukumar tace finafinai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista.

Abin da takunkumi ya kasa yi, wayar hannu ta kusa yin sa, domin cinikin bugaggun littattafai ya ja baya ƙwarai. Marubuta da dama, galibinsu mata, sun koma WhatsApp da Wattpad. Can ma sukan saki shafukan farko kyauta, su tsaya a inda labari ya ɗauki zafi, sannan mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki kafin a sa shi cikin zauren masu karanta sauran.