Jin Ta Bakin Malamai Game da Ɗakin Karatu na Jami'a

Masu iya magana kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A jami'a kuwa malamai su ne suka fi kowa daɗewa suna cuɗanya da ɗakin karatu, domin ɗalibi yakan gama ya tafi, malami yana nan. Saboda haka hukumar da ta ware kuɗin littattafai, mujallu da kwamfutoci ba tare da ta ji ta bakinsu ba, lalube take yi cikin duhu.

To, amma ta yaya ake tambayar? A nan gizo yake saƙa. Idan aka ce wa malami, “Ka gamsu da aikin laburare?” sau da yawa kunya ko gaggawa za ta sa ya amsa da “ba laifi”, amsar da ba ta gyara komai.

Domin kauce wa wannan ne Ƙungiyar Ɗakunan Karatu na Bincike, mai hedkwata a Amurka, ta haɗa kai da Jami'ar Texas A&M suka fito da wani ma'auni mai suna LibQUAL+, wanda aka fara gwadawa a shekarar 2000. Yana da manyan tambayoyi 22 da suka shafi halayyar ma'aikata, sauƙin samun bayanai, da yanayin ginin kansa. Hikimarsa ita ce kowace tambaya sau uku ake amsa ta, da maki daga 1 zuwa 9: mafi ƙarancin abin da mutum zai lamunta, abin da yake buri, da abin da yake gani a zahiri. Malamin da ya ce ba zai lamunci ƙasa da 7 ba wajen samun mujallu, alhali abin da yake gani 5 ne, ya nuna wa hukuma giɓin ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba.

Sai dai, a ganina, rigar aro ba ta rufe katara. Tambayoyin da aka tsara domin jami'o'in Amurka ba su san da rubuce-rubucen ajami da gara ke ci ba, ko kaset-kaset na makaɗan baka da ke buƙatar a juye su cikin kwamfuta, balle kundin laluben littattafai da ke kasa gane ɓ, ɗ da ƙ, har littafi ya ɓace alhali yana kan kanta. Irin waɗannan sai a filin sharhi da ake bari a ƙarshen takardar suke fitowa, ko kuma idan ma'aikacin laburare ya tako da ƙafarsa zuwa taron sashe. Wajibi ne kuma a sanar da malamai abin da aka yi da amsoshinsu, in ba haka ba takardar baɗi a ƙarƙashin tarin rubutun jarrabawa za ta kwana.