TAFIYAR KILOMITA 80 A KAN KEKE CIKIN KWARIN TUFFA

'Yan'uwana mata, yau filin namu zai ɗan yi nisan kiwo. Za mu ajiye maganar girki da raino, mu leƙa arewacin ƙasar Italiya, can cikin manyan duwatsun nan da ake kira Alps, inda iyakar Italiya ta haɗu da ta Ostiriya da ta Suwizalan. A nan akwai wani kwari mai suna Vinschgau, wanda aka shimfiɗa wa hanya ta musamman domin masu keke. Da bazara ta kama za ki ga mata da maza, har da tsofaffi masu furfura da iyaye mata masu jan 'ya'yansu cikin ɗan keken da aka ɗaura a baya, duk sun ɗauki hanya.

Ana fara tafiyar ne daga wata mashiga tsakanin duwatsu da ake kira Reschen, wadda ta ɗara bakin teku da wajen mita 1,500. Daga nan sai a yi ta gangara har garin Meran, wanda tsayinsa bai kai mita 350 ba. Tsakaninsu kimanin kilomita 80 ne, watau wajen mil 50. To, kin ga ke nan abin da ya sa hanyar ta yi farin jini. Yawancinta gangara ce, kuma an raba ta da hanyar motoci a mafi yawan wurare, saboda haka mace ba ta da fargabar babbar mota ta biyo ta a baya da ƙaho. Masu ƙarfi sukan gama ta yini guda. Masu hankali kuwa sukan kasa ta kwana biyu ko uku. Ni ina bayan masu hankali, gama abin da ke gefen hanyar ya fi hanyar kanta.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Rumawa ne suka fara fasa ta, aka kammala ta zamanin wani sarkinsu mai suna Kalaudiyas cikin shekara ta 46 bayan haihuwar Annabi Isa, shi ya sa har yau ake ce mata Via Claudia Augusta. Kogin da take bi kuwa sunansa Adige. Kusa da Reschen yake ɓuɓɓugowa ɗan ƙarami, amma kafin ya faɗa teku ya yi tafiyar kilomita 410, kogin Po kaɗai ya fi shi tsawo a Italiya duka.

Ba a yi nisa da tashi ba sai a iske abin da kowane matafiyi yake tsayawa ya ɗauki hotonsa. Wani tafki ne mai tsawon kilomita 6, ga kuma hasumiyar coci ta fito tsirara daga cikin ruwa, ba gini a gefenta, ba kowa. Baƙi suna ganin abin gwanin sha'awa. Amma a ƙarƙashin ruwan nan gari ne sukutum, sunansa Graun. Cikin 1950 aka tare ruwa domin samar da wutar lantarki, ruwa ya hau da mita 22, ya cinye gidaje 163 da gonaki fiye da kadada 500. Mutanen wurin Jamusanci suke ji, domin yankin nasu na Ostiriya ne kafin a ba Italiya shi cikin 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma da aka tashi sanar da su niyyar yin dam ɗin, zamanin mulkin Musolini, sai aka manna takardar da Italiyanci. Da lokaci ya yi aka fasa gidajen da nakiya, aka tone kaburbura aka sake musu wuri, iyalai da yawa suka kwashe komatsansu suka bar yankin har abada. Hasumiyar kaɗai aka bari, don an gina ta tun ƙarni na 14. An sauke ƙararrawarta kafin ruwa ya zo, amma har yanzu mutanen wurin suna da wata almara cewa da sanyi akan ji tana kaɗawa.

Duk wadda ta taɓa zama da tsofaffin Bussa, waɗanda aka tasa cikin 1968 saboda dam ɗin Kainji, ta san irin wannan labari. Ana ba mutum sabon ɗaki, amma ba a iya ba shi bishiyar da kakarsa ta shuka. Kuma a ganina nauyin irin wannan ƙaura a kan mace ya fi sauka, ita da za ta sake koyon inda ake ɗebo ruwa da inda ake samun itace, ta kuma sake neman maƙwabciyar da za ta bar wa yaro.

Daga tafkin sai gangara mai tsanani zuwa wajen garin Mals. Nan ne ake gane wadda ta duba birkinta kafin ta taso. Ga kuma wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga arewa, har itatuwan wurin duk sun karkata gefe guda kamar masu gaisuwa. Can nesa ana hango dutsen Ortler, mai tsayin mita 3,905, kansa fari fat da dusar ƙanƙara ko da tsakiyar bazara.

Wani abin mamaki shi ne, duk da ƙanƙarar nan, kwarin busasshe ne. Duwatsu sun tare masa hadari ta kowane gefe, ruwan saman da yake samu a shekara bai fi milimita 500 ba, bai ma kai na Kano ba. Don haka tun ɗaruruwan shekaru manoman wurin suka haƙa ƙananan magudanai a jikin dutse, suna jawo ruwan ƙanƙarar da ta narke zuwa gonakinsu. Kowane gida da lokacinsa na ban ruwa, kuma akwai mai gadin magudana. Dabarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce wata 'yar ƙararrawa da suke kafawa a kan ruwan. Ruwa na juya wani ɗan gargare, gargaren na ɗaga guduma, guduma na bugun ƙararrawa dare da rana. Muddin mai gadi na jin ƙara, ya san lafiya. Da ya ji shiru sai ya tashi, ya san wani abu ya toshe hanya. Cikin 2023 hukumar UNESCO ta sa wannan salon ban ruwa cikin al'adun duniya da ya kamata a adana.

A garin Mals ɗin nan ne mata suka yi wani abu da ya sa aka san sunan garin a Turai duka. Arzikin kwarin tuffa ne. Lardin da yake ciki, Tirol ta Kudu, shi ke noma kimanin ɗaya daga cikin kowace tuffa goma ta ƙasashen Tarayyar Turai. Amma gonar tuffa tana shan feshin maganin ƙwari sau da yawa a shekara, iskar nan da na ambata kuwa ba ta san iyakar gona ba. Tana kwasar maganin ta kai shi kan ciyawar shanu da lambunan gida da filin wasan yara. Da gonakin tuffa suka fara matsowa Mals, sai wasu matan garin, galibinsu iyaye, suka kafa ƙungiya. Suka yi ta rubuta wasiƙu zuwa jaridar yankin, suka ɗauko zannuwan gado suka yi rubutu a kai suka rataya a tagogi da baranda. Cikin Satumba 2014 aka kaɗa ƙuri'a, kashi uku cikin huɗu na masu zaɓe suka ce a hana feshin a ƙasar garinsu.

Kada ki ɗauka nan maganar ta ƙare. Manoman tuffa su ma suna da tasu hujja, da tuffar suke ci da iyalansu, kuma kwarin nan ya san talauci kafin zuwanta. Suka kai ƙara, cikin 2019 kotu ta soke dokar, ta ce ƙaramar hukuma ba ta da ikon yin ta. Ni dai ban ga asara a abin da matan suka yi ba. Da zanen gado suka tilasta wa lardi guda ya zauna ya yi maganar da da can ba mai son tayarwa.

Talaucin da na ce kuwa ba na wasa ba ne. Har farkon ƙarni na 20, iyalai matalauta na wannan kwari sukan tura 'ya'yansu ƙanana, maza da mata, su ƙetare duwatsu da ƙafa cikin watan Maris, ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, zuwa kudancin Jamus. A garin Ravensburg har kasuwa ake ci ta yara, manoma su zo su zaɓa, yaro ya yi kiwo yarinya ta yi aikatau har kaka, a sallame su da tufafi da ɗan kuɗi kaɗan. Makaranta kuwa sai dai su hango ta. Mashigar Reschen da masu keke suke tasowa daga gare ta yau don nishaɗi, ita waɗannan yara suke hawa suna kuka. Mu da muke ganin 'yan mata ƙanana ana kawo su birni aikatau, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Gaba kaɗan da Mals akwai Glurns, gari mai ganuwa da ƙofofi uku, mutanensa ba su kai 1,000 ba. Nan akan huta a sha ruwa. Sai Laas, inda ake fasa wani farin dutse mai sheƙi da ake kaiwa har Amurka. Daga nan kuma tuffa ce hagu da dama, layi bayan layi, har ido ya gaji. Cikin Afrilu duk ta yi fure, cikin Satumba da Oktoba ake tsinka.

Wadda Allah ya nufa da zuwa, ga 'yan shawarwari. Ba sai kin je da kekenki ba, akwai wuraren haya a garuruwan kwarin, ki ɗauka a sama ki mayar a ƙasa. Akwai kuma hanyar jirgin ƙasa tsakanin Meran da Mals, wadda aka sake buɗewa cikin 2005 bayan ta yi shekaru a rufe. Zane da sarƙar keke ba sa shiri, saboda haka wando mai faɗi da doguwar riga sun fi, a ɗaure gyale sosai a ɗora hular kwano. A riƙe rigar sanyi ko da rana ta take, domin sama da ƙasan kwarin ba yanayinsu ɗaya ba. Wajen abinci kuma a yi tambaya, gama naman da suka fi alfahari da shi, wanda suke kira speck, na alade ne, kuma sukan sa shi har cikin miya. Amma akwai cuku da madara da wani busasshen burodi mai ƙaras-ƙaras wanda yake watanni bai lalace ba.

Dab da ƙarshe hanyar takan yi kwane-kwane ta sauka cikin Meran. Nan iska ta yi ɗumi, ga inabi a jikin tuddai, ga har itatuwa dangin dabino a bakin titi, alhali da safe an baro ƙanƙara a kan duwatsu. Wadda ƙafarta ba ta gaji ba tana iya ƙara kilomita 30 ta bi kogin zuwa Bozen, babban birnin lardin.