Ɓarnar da ke zuwa bayan ruwa ya janye

Mu mutanen Tsamaye, da 'yan'uwanmu na Sabon Birni da Isa, zaman bakin gulbi muke yi. Bunsuru da Gagare suna gangaro mana daga Katsina da Zamfara, Gulbin Maraɗi ya zagayo ta Nijar, duk su haɗu a gulbin Rima ya nufi madatsar Goronyo. Shi ya sa a Agusta da Satumba ambaliya kan same mu ko hadari bai taso a kanmu ba. Wanda ya ga ambaliyar da aka yi a Goronyo da Wurno a Satumban 2010 ba sai an ba shi labari ba.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar da muke yi ta komawa ɗaki da zarar ruwa ya janye. Ginin laka daga gindi yake shan ruwa. Sama a bushe, ƙasa kuwa ta zama kunu, sai bayan kwanaki bango ya zauna da nauyin azara, sau da yawa cikin dare. Malam, kafin iyali su koma, danna gindin bango da yatsa. In ya lotsa, ko ka ga sabuwar tsaga daga ƙofa zuwa rufi, a kwana a rumfa, a tokare azara, a jira ya bushe. A kuma riƙe sanda da tocila, don macizai ma tudu suke nema.

Sai rumbu. Damin geron da ya jiƙe a kwance shi a shanya ranar, kada a bar shi ya ɗauki zafi. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Zubarwa da ciwo, amma ya fi jinya sauƙi. Mai shago ya ɗora buhunan sukari, gishiri da taki a kan katako nesa da bango, ya cire batirin sola kafin ya taɓa waya.

Rijiyar da ambaliya ta shiga, ta shigo mata da abin da ke cikin masai. Nan amai da gudawa ke samun ƙofa. A yashe ta, a sa kulorin, a riƙa tafasa ruwan sha. Yaro ya fara zawo, a haɗa masa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a kama hanyar asibiti.

Tallafin hukumomin agajin gaggawa, NEMA ko SEMA, in ya zo, ba a ranar farko yake isowa ba. Waɗannan kwanakin a hannunmu suke. In kuma rani ya yi aka tashi sake gini, a ɗaga tushe ya haura shaidar da ruwan bana ya bari a bango.