Sassan Numfashi da Cututtukansu: Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomi wajen Koyar da Ɗaliban Jinya

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin jinya yana karatu da Ingilishi, amma majinyacin da zai duba da harshensa yake faɗin ciwonsa. Wannan maƙala za ta bayyana sassan numfashi da aikinsu da wasu cututtukansu cikin Hausa, sannan ta nuna wuraren da ma'anar kalma ke rikicewa, inda kuskuren fassara kan iya zama kuskuren magani.

2.0 Sassan Numfashi

Iska takan shiga ta hanci, inda ake tace ta, a ɗumama ta, a ba ta laima. Daga nan sai ta bi ta maƙoshi, ta ratsa maƙwallato inda tantanin murya yake, ta gangara maƙogwaro. Shi maƙogwaro bututu ne da zobba 16 zuwa 20 na guringuntsi ke riƙe da shi don kada ya lotse. A cikin ƙirji yakan rabu gida biyu. Reshen dama ya fi faɗi, ya fi gajarta, ya kuma fi miƙewa, shi ya sa idan yaro ya shaƙi ƙwayar gyaɗa ta fi faɗawa can.

Huhun dama yana da ɓangare uku, na hagu kuwa biyu, domin zuciya ta ci masa wuri. Rassan sukan yi ta rarrabuwa har su ƙare a 'yan jakunkunan iska, waɗanda yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi.

A nan matsala ta farko take. Hausawa da yawa sukan yi amfani da maƙoshi da maƙogwaro a wuri guda, alhali ɗalibin jinya dole ya bambance mahaɗar abinci da iska daga bututun iska zalla. Rabon da aka yi a sama shawara ce ta keɓe kowace kalma ga gaɓa ɗaya.

3.0 Yadda Ake Numfashi

Ƙarƙashin huhu akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta raba ƙirji da ciki. Idan ta tsuke sai ta yi ƙasa, haƙarƙari ya buɗe, iska ta kwararo ciki. Idan ta saki sai iska ta fita. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari, wadda muke fitarwa kuwa kimanin kashi 16. A jakunkunan iska ne oksijin ke ratsawa cikin jini, kabon dayoksaid kuma ya fito. Taruwar kabon dayoksaid a jini ita ce ke sa gindin ƙwaƙwalwa ya ƙara saurin numfashi.

Baligi mai lafiya yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 5. Ke nan, kalmar haki ba ta wadatar ba sai an haɗa da ƙidaya.

4.0 Cututtuka da Sunayensu

Namoniya kumburi ne da ke cika jakunkunan iska da ruwa ko mugunya. Jama'a kan kira ta ciwon haƙarƙari, suna nuni ga inda zafin yake, amma ba kowane ciwon haƙarƙari ne namoniya ba.

Tarin fuka ya fi kowanne haɗarin ruɗani. Ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, wadda Robert Koch ya gano a 1882. Yana yaɗuwa ta iska, maganinsa kuma yakan ɗauki wata 6 a bisa al'ada. Sai dai kalmar fuka ita kaɗai tana nufin asma, wadda ba a ɗaukarta daga wani. Idan majinyaci ya ce yana da fuka, wajibi ne a tambaye shi tsawon tarin, da ko yana rama, ko gumin dare, ko jini a kaki.

Haka mashaƙo. A 2020 wasu kafofin labarai sun kira korona murar mashaƙo, a 2023 kuma aka kira diftariya da ta ɓarke a Kano mashaƙo. Ta farko bairas ce, ta biyu bakteriya, kuma rigakafinsu ba ɗaya ba ne.

5.0 Kammalawa

Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi. Fannin jinya yana bukatar irin wannan aiki. Shawarar wannan maƙala ita ce masana harshe su zauna da malaman jinya, a tattara kalmomin da majinyata ke faɗa a kare-karen Hausa, a keɓe wa kowace cuta suna ɗaya, a kuma nuna wa ɗalibi kalmomin da bai kamata ya yi aiki da su ba sai ya ƙara tambaya.