Mai Abinci, Kare da Mai Laifi: Wani Nau'in Ƙagaggen Labari da Matsayinsa a Hausa

A Ingila da Amurka akwai wani irin ƙagaggen labarin bincike wanda ba ɗan sanda ne jaruminsa ba. Galibi mace ce mai sana'ar abinci a ƙaramin gari. Sai a yi kisa, zargi ya fāɗa kan wani nata, ita kuwa ta shiga bin diddigi har ta gano mai laifi. Ba a nuna jini ko batsa. Asalinsa yana komawa ga Miss Marple ta Agatha Christie, wadda littafinta na farko ya fito a 1930. Virginia Rich ta shigo da girki cikinsa a 1982, Diane Mott Davidson kuma ta yi suna tun daga 1990 da littattafai masu ɗauke da bayanin yadda ake dafa abincin da aka ambata. A jerin da Laura Childs ta fara a 2001, jarumar tana da shagon shayi a Charleston da kare mai suna Earl Grey.

Littattafan Hausa na farko sun bi wata hanya dabam. Cikin waɗanda gasar Rupert East ta 1933 ta haifar a Zariya, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne, Jiki Magayi kuma na ramuwar gayya. Mai karatu ya san mai laifi tun farko. Abin da ke jan hankalinsa shi ne wayon ɓarawo ko sakayyar da za ta biyo baya. Watau ba a ɓoye masa kome, alhali kuwa ɓoyewar nan ita ce ginshiƙin labarin bincike.

To, da marubuci zai dasa irin wannan labari a gari kamar Rimaye, cikin ƙasar Kankiya, me zai kama, me zai ƙi kamawa?

Ɓangaren abinci ba shi da wuya, har ma ya fi dacewa nan. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a 1969 cewa matan da ke kulle suna gudanar da babban ciniki daga cikin gidajensu ta hannun yara. Mai fura ko mai ƙosai ba ta fita, amma 'yan tallarta suna shiga kowane gida, su komo mata da kuɗi da labari. Ta san gidan da aka rage sayen ƙuli-ƙuli, ta san wanda ya biya tsohon bashi farat ɗaya. Dillaliya ma haka, sai dai ita da ƙafarta take shiga. Ɗan sanda kuwa iyakarsa zaure. Sa'an nan abinci a nan ba abin wasa ba ne, gama tsoron sammu a cikin tuwo tsohon abu ne, kuma sau da yawa kishiya ake fara tuhuma ko babu hujja. Mai binciken da za ta wanke matar da aka zarga haka tana ceton aure ne da mutunci.

Kare ne matsalar. Ba don najasa ba, kamar yadda wasu ke zato, domin a mazhabar Malikiyya kare mai rai tsarkakakke ne, wanke ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki sau bakwai kuwa bin umarni ne kawai. Matsalar ta al'ada ce. Bahaushe ya san karen farauta da na gadi da na makiyaya, amma ba ya kwana ɗaki ɗaya da shi, kuma kiran mutum kare zagi ne. Matar aure mai yawo da kare a gindinta, mai karatu ba zai gaskata ta ba, balle ya ci furarta.

Duk da haka akwai mafita, kuma tsohuwa ce. A wani labarin Sherlock Holmes na 1892, abin da ya tona asiri shi ne karen da bai yi haushi ba daren da aka sace doki, gama ya san wanda ya shigo. Wannan hujja kowane manomi a Rimaye ko Kusada zai gane ta ba tare da bayani ba. Sai a bar karen a ƙofar gida ko a hannun wani maharbi maƙwabci, ita kuwa mai fura ta tambayi 'yar tallarta ko an ji haushi a unguwar daren jiya.